RUMBUN KAI: YADDA AKE AJIYE ABU KADA SHI ƁACE

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, malamin lakwal, ya yi a taron ƴan gari mazauna Yamai



Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da mataimakanshi, yayye da ƙanne da ke bida nan Yamai, da ku da wagga takarda za ta iske a Kwatano, Lome, Ankara, Kumasi, Abijan da Legas, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. An ba ni izini in yi magana bisa mantuwa da maganinta. Yawancin abin da zan faɗi wajen dattawa munka gan shi, sai dai mun bar shi ya kwanta. Aikina yau in tada shi, in gama shi da ɗan abin da masana sunka gano.

Ga dalilin maganar. Yau kowa da waya cikin aljihu. To, mutum nawa cikinmu za shi iya faɗin lambar wanshi ko ta maigidan da ya bari a Kurfai ba tare da ya duba ba? In an sace wayar a tasha, ko an karɓe ta bakin iyaka, ko Allah ya kawo tsautsayi mutum ya farka a likita ana tambayarshi wa za a kira, lamba takwas kaɗai ke tsakaninshi da danginshi. In babu su cikin kai, ya zama baƙo marar kowa. Haka mai komawa gida da saƙon mutum goma: in ya kai na wane gidan wane, zumunci ya samu tabo. Mutane na cewa wane Allah ya ba shi kai, wane kuwa bai samu ba. Gaskiya ne kai ya fi kai. Amma riƙe abu aiki ne mai dabara, kamar ginin rumbu, kuma ana koyonshi. Dabarun huɗu ne zan kawo.

1. Ƙulla sabo ga tsoho

Tambayi tsohuwa shekarar da anka haifi ɗanta na fari. Ba za ta ce maka alif kaza ba. Za ta ce damina biyu bayan fara, ko shekarar da anka koro mutane daga Gana. Kakanninmu sun ba shekaru suna kamar yadda ake ba ɗa suna. Yunwar 1913 zuwa 1914, Hausawa da dama na ce mata Kakalaba, maƙwabtanmu Zabarmawa na cewa Ganda-beri. Yaƙin Firhun ya iso Filinge a 1916. Fara ta cinye gonaki a 1931. Ƴancin kai 1960. Bandabari 1966. Korar baƙi daga Gana zamanin Busiya 1969. Hawan Seyni Kunce 1974, bayan babban fari. Yunwar 1984 kuwa anka sa mata El Buhari, don a shekarar ne Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya. Kowace daga cikinsu turke ce. Haihuwa, aure, rasuwa, ginin rijiya, duk ana ɗaure su ga turken da ya fi kusa, kuma da haka ne anka ƙiyasta shekarun da yawa cikinmu da takardarsu ke ɗauke da "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza.

Ka'idar ita ce: abin da ke tsaye shi kaɗai iska na ɗauke shi, abin da anka ɗaure ga wanda ka riga ka sani shina zama. In an gaya maka sunan baƙo, nemi mai sunan cikin danginka ka zaunar da su tabarma guda cikin ranka. In likita ya ce magani sau ukku a yini, kada ka riƙe "sau ukku" tsirara. Ɗaure shi ga Asuba, Azahar da Lisha, tunda su ba ka mance su, in dai likitan ya yarda da wannan tazara. Malamanmu na da ma haka sunka yi: marubutan waƙoƙin ajami sukan ɓoye shekarar da sunka gama waƙa cikin kalma guda a ƙarshenta, wadda ake kira ramzi, kowane harafi da adadinshi. Kalma ta fi lamba sauƙin ɗauka.

2. Yanka shi gunduwa-gunduwa

Ba a haɗiye tuwo da malmala. A 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya rubuta cewa abin da kai ke iya tallabewa a lokaci guda bai wuce kamar guda bakwai ba; waɗanda sunka biyo bayanshi ma sun ce ya fi kusa da huɗu. Ke nan lamba takwas a jere ta yi yawa. Amma in ka raba ta biyu-biyu, yadda muke faɗinta da Faransanci, ta koma loma huɗu. Saura ka ba kowace loma ma'ana. In lambar ta ƙare da 60 da 84, ka ce ƴancin kai da El Buhari. In akwai 20 ciki, ka ce dala ashirin, ka ga ƙwandalar tamma ɗari a tafin hannunka. In 33 ce, ga tasbaha. In 30 ce, ga kwanakin azumi. Sai ka jera su labari: ranar ƴancin kai na ci bashin dala ashirin, ban biya ba sai El Buhari. Labarin ko ya zama na ban dariya babu laifi, wanda ya fi ban dariya shi ya fi zama.

Kada wanda bai shiga lakwal ba shi ce wanga ba nashi ba ne. Dillalin da ke kasuwar dabbobi ta Baleyara ranar Lahadi shina riƙe kuɗin bisashe goma cikin kai, jikka kaza da dala kaza, da sunan mai kowace, ba kaye ba alƙalami. Ya raba su ne bisa masu su da kamanninsu. Alƙur'ani mai girma ma da sura 114, an raba shi izu sittin, kowane izu an sake raba shi har zuwa sumuni, don almajiri shi ɗauki abin da allonshi ke iya ɗauka.

3. Ba kowane saƙo mazauni

Wagga dabara ta fi shekara 2,000 a rubuce. Mutanen Girka na da sun ba da labarin wani mawaƙi, Simonides, da anka kira waje ana cikin walima. Fitarshi ke da wuya rufin ɗakin ya rufta bisa mutane, har dangi sunka kasa gane gawawwakinsu. Shi ya nuna kowa, don ya tuna inda kowane ke zaune. Daga nan anka lura cewa kai ya fi riƙe wuri bisa ga magana. Mu ma shaida ne: wanda ya shekara ashirin a Abijan, ka ce shi rufe ido, za shi gaya maka inda kowace randa take a gidan ubanshi.

To ga yadda ake aiki da ita. Ɗauki gidanku, ka bi shi yadda kake shiga kullum: zaure, turken dabbobi, rumbu, madafa, randa, ƙofar ɗakin tsohuwa. Mazauni shida ke nan, kuma jerinsu ba shi sakewa. An ba ka saƙo shida za ka gida. Na farko kuɗin ragon suna: ga rago zaune cikin zaure da hula da carbi shina karɓar gaisuwa. Na biyu kuɗin dusa: turke ya nutse cikin dusa har wuya. Na ukku takardar haihuwar yaro da za a kai lakwal: an lulluɓe rumbu da ita maimakon ciyawa. Haka har shida, kuma kowane hoto ka sa fuskar mai saƙon a ciki. In ka sauka mota, sai ka shiga gidan cikin ranka, kowane saƙo na jiranka inda ka aje shi. Wanda ya fi sanin hanya bisa ga gida shi ɗauki hanyar: Hamdallay, Baleyara, Bonkuku, Filinge, Tukunus, Abala. Jikinka ma mazauni ne. A lakwal muna koya ma yara su dunƙule hannu su bi gaɓoɓin yatsu da watannin nasara: tudu kwana 31, kwari kwana 30, ban da Fabrairu mai 28 ko 29. Yaron da ya iya wannan ba shi sake tambaya.

4. Wanke allo

Duk dabarun nan ba su isa in ba a komawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kanshi da haddar kalmomi marasa ma'ana, ya buga sakamakon a 1885. Ya iske mantuwa ta fi gudu a farko: kafin kwana guda fiye da rabin wahalarshi ta zube, daga nan zubar ta yi sauƙi. Ya kuma iske maimaici da anka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda anka tara a zama guda. Don haka abin da ka ɗauka da safe, koma mishi da marece, sannan gobe, sannan bayan kwana ukku, bayan mako, bayan wata. Minti biyu kowane karo ya wadatar. Ɗalibin da ya kwana bisa kaye daren jarrabawa ya cika tulu mai huda ne, kuma ya hana kanshi barci, alhali cikin barci ne kai ke gyara ajiyar yini.

Sai babban sirri, wanda makarantar allo ta riga kowa. Almajiri ba shi wanke allo sai ya kawo karatun da ka gaban malam, kuma bayan ya wanke shina komawa tilawar na baya. A 2006 masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sunka gwada ɗalibai: waɗanda sunka rufe takarda sunka yi ƙoƙarin tunowa sun fi waɗanda sunka yi ta sake karantawa riƙe darasin bayan mako guda. Iyaye, ko ba ku iya Faransanci ba kuna iya taimakon ɗiyanku. Ku ce yaro shi rufe kaye shi gaya muku da Hausa abin da mushe ya koya mishi yau. In ya iya faɗi da harshen gida, ya gane. In sai dai shi rera kamar aku, da saura.

5. Inda kai ba shi isa

Kada a fahimce ni a karkace. Akwai abin da ba a bar ma kai shi kaɗai, don mai kan na mutuwa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kuma sa shaidu. Iyakar gona, jingina, aro da gado, tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ake kira Kofo masu ba da takardar shaida. Dattijon da ya san cewa iyakar ta bi ta gawon nan zuwa tsohuwar rijiya, a rubuta daga bakinshi tun shina da rai, gaban maƙwabta. Rigimar gona nawa ta raba ɗiyan wa da ƙane don shaidar ta bi mai ita kushewa? Kuma in tsoho ya fara ɓata hanyar gidanshi ko shina mance sunan ɗiyanshi, wannan ya wuce mantuwar yau da kullum. A kai shi likita, a yi haƙuri da shi, kada a bar yara su maishe shi abin wasa.

Abin da nike roƙon ƙungiya

Abu ukku ne. Na ɗaya, kafin taro mai zuwa kowane ɗan ƙungiya shi hardace lamba ukku: ta gida, ta wani ɗan gari a inda shike zaune, da ta mai ajiyar kuɗin ƙungiya. Wanda ke waje shi gama da 227 ta ƙasarmu. Za mu tambayi juna a buɗe taro, dattawa su sa tarar goro bisa wanda ya kasa. Na biyu, waɗanda za su gida noma bana su zauna da tsofaffi, maza da mata, su rubuto sunayen shekarun garinmu yadda ake faɗinsu can, da abin da ya faru cikin kowace. Mu malamai za mu sa musu lambar shekara, a buga cikin wagga takarda. Na ukku, kowane uba shi jera ma ɗanshi kakanninshi har inda ya sani, shi kuma sa yaron shi maido mishi ranar Juma'a. Ɗan da anka haifa a Kumasi ko Abijan, wannan jeri shi ne hanyarshi ta gida.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah shi ja kwanan iyayenmu, shi ba mu damina mai albarka, shi maido matafiya gida lafiya.