Kaya Naka, Makulli a Hannun Wani



Tun kaka da kakanni mun san cewa in ciniki ya faɗa, mai saye ya biya, kaya ya zama nasa. In ya so ya ba da aro, in ya so ya sayar. To, a fagen wasannin kwamfuta wannan ƙa'ida ta soma zaizayewa, shi ne kuwa abin da muka taru mu duba yau.

Kamfanonin da ke ƙera wasanni suna kukan ana kwafar kayansu ba izini. Kukan na gaskiya ne, gama wasa guda yakan ci shekaru da gumin ma'aikata masu yawa. Don haka suka shiga sanya wa wasa makullin ɓoye mai tantance wanda ya biya. Amma mu tambaya: wa makullin nan yake kamawa?

A 2008 kamfanin Electronic Arts ya fitar da wasan Spore ɗauke da makullin SecuROM, wanda da farko ya ƙayyade cewa sau uku kacal mai saye zai girka shi a kwamfuta. Tun kafin ya shiga kasuwa aka fasa makullin, kwafin sata ya bazu a intanet. Ɓarawo na wasansa hankali kwance, mai gaskiya kuwa yana ƙirga sauran damarsa!

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne na The Crew, wasan tseren motoci da Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014. Ba ya tashi sai ya haɗu da na'urorin kamfanin. A ƙarshen Maris 2024 aka kashe na'urorin, sai ga faifan da mutum ya saya da kuɗinsa ya zama hoto. Daga nan Ross Scott ya kafa gangamin Stop Killing Games, takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Buƙatarsu ba ta da yawa: in kamfani zai janye, ya bar wasan yana aiki.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa 'yan kasuwa su bayyana cewa izinin amfani suke sayarwa, ba mallaka ba. A ganinmu wannan gyaran lafazi ne kawai, bai mayar wa kowa wasansa ba. Ga shi kuwa tun 2008 shagon GOG na Polan yake sayar da wasanni ba makulli, mai saye ya sauke ya adana abinsa, kamfanin kuma bai karye ba.