Tuntuɓen Sabon Shiga a Manhajojin Zanen Injina



A shekarar 1963 wani ɗalibi mai neman digirin digirgir a jami'ar MIT da ke Amurka, Ivan Sutherland, ya gabatar da manhajar da ya sa wa suna Sketchpad. Da alƙalamin haske yake jan layi a fuskar kwamfutar TX-2, sannan ya gindaya wa zanen sharaɗi: wannan layin ya tsaya a miƙe, waɗancan biyun su zama tsawo ɗaya. Kwamfutar kuma sai ta gyara zanen da kanta ya bi umarnin. Wannan dabara ta gindaya sharaɗi ita ce har gobe ƙashin bayan manhajojin da ake zana sassan mota, injin niƙa da famfon ban ruwa da su. Sai dai bayan shekara sittin da ɗoriya, ɗalibin da ya buɗe irin wannan manhaja karon farko yakan shafe awa guda bai iya huda rami ɗaya a jikin farantin ƙarfe ba, kuma sau da yawa kansa yake zargi.

Laccar yau a kan wannan ɗalibin take. Ruɗewarsa shaida ce mai daraja ga masu gina manhaja, kuma shaida ce da ba ta daɗewa, domin da zarar hannunsa ya faɗa zai manta inda ya sha wuya. Mai gida ya saba sunkuyawa a ƙofar zaurensa har ya manta gajera ce, baƙo ne yake buga goshi ya tuna masa.

Tarihin kasuwar kansa ya nuna cewa sauƙin amfani ba ado ba ne. AutoCAD ta fito a 1982 ta kawo zanen kwamfuta kan teburin ƙananan ofisoshi. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin PTC ya fito da Pro/ENGINEER, wadda ke ajiye tarihin kowane mataki, ta yadda idan aka canza ma'auni ɗaya sauran siffar za ta bi. Tana da ƙarfi ƙwarai, amma tana buƙatar kwamfutoci masu tsada da horo mai tsawo. A 1995 SolidWorks, wadda Jon Hirschtick ya jagoranci kafa kamfaninta, ta kawo irin wannan aikin kan Windows, da maɓallan da mutane suka riga suka saba da su, a farashi mai sauƙi. Shekara biyu kacal bayan haka kamfanin Dassault na Faransa ya saye ta a kan dala miliyan 310. Lissafin da ke ƙarƙashin Pro/ENGINEER da SolidWorks dangin juna ne. Abin da ya ja injiniyoyi shi ne an rage musu kuɗi da wahalar koyo.

Misalin da ya fi dacewa a duba da kyau shi ne FreeCAD, saboda kyauta ce, kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, kuma ita ce ƙofar da ke buɗe ga ɗalibin da ba shi da kuɗin lasisi, ko a Zariya yake, ko a Maraɗi, ko a wani gari a Turai. Jürgen Riegel da Werner Mayer ne suka fara ta a farkon shekarun 2000, daga baya Yorik van Havre ya shigo, kuma galibin masu aiki a kanta 'yan sa-kai ne. Sama da shekara ashirin lambar fitowarta tana farawa da sifili. Sai a watan Nuwamban 2024 aka saki 1.0.

A ɗauki sabon shiga a ba shi aiki mai sauƙi: farantin ƙarfe mai tsawon milimita 80, faɗin 40, kaurin 6, da ramuka biyu na ɗaura noti. Tuntuɓensa na farko tun kafin ya ja layi yake zuwa, wato yadda zai juya abin da ke gabansa ya ga bayansa. A tsarin da manhajar ke zuwa da shi, sai an danne maɓallin tsakiya na linzamin kwamfuta tare da wani maɓallin. Ɗalibin da ke aiki da kwamfutar cinya ba tare da linzami ba, ba shi da maɓallin tsakiya. Akwai tsarin da aka tanada domin irinsa, amma kafin fitowar 1.0 sai wanda ya san da shi yake nemansa.

Na biyu, manhajar ta kasu gida-gida, kowane da kayan aikinsa. Akwai ɗaya mai suna Part, akwai wani mai suna Part Design. Sunayen kamar ɗaya, alamomin wasu kayan aikin sun yi kama, amma tunanin da ke bayansu daban ne. A Part ana haɗa siffofi ko a cire wata daga wata. A Part Design ana gina jiki ɗaya ne mataki bayan mataki daga zane. Sabon shiga yakan fara a wannan, ya ɗauko kayan aiki daga wancan, sai abu ya cije, ga jan rubutu a ƙasan fuskar kwamfuta wanda bai gaya masa abin da zai yi ba.

Na uku, ya zana kusurwa huɗu da idonsa ya ga ta haɗu, ya nemi ba ta kauri, manhajar ta ce zanen a buɗe yake. Ashe bakin layi biyu sun kusanci juna ne kawai, tsakaninsu akwai tazarar da ido ba ya gani. Saƙon gaskiya ya faɗa, amma abin da mai koyo yake so a nuna masa shi ne wace kusurwa ce ba ta haɗu ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi karya gwiwa, kuma shi ya daɗe yana ɓata wa FreeCAD suna. A cikinta kowace fuska da kowane gefe na siffa yana da lamba. Ɗalibi ya zana ramukansa a kan fuska ta shida, ya kashe kaifin wani gefe, komai ya yi kyau. Sai malami ya ce a koma baya a yanke wata kusurwa. Yankan ya haifar da sabuwar fuska, manhajar ta sake raba lambobi, fuskar da take ta shida ɗazu ta koma ta bakwai. Ramukan, da yake lamba suke bi, sai su yi tsalle su koma gefen farantin, ko siffar ta rushe gaba ɗaya. Tsofaffin hannu sun daɗe da sanin hanyar kaucewa: kada a ɗora zane a kan fuskar siffa, a ɗora shi a kan shimfiɗar ma'auni da ba ta motsi. Sun saba da hakan har wasunsu suna ganin laifin mai koyo ne da bai sani ba. Amma duk wanda ya ga fuska a gabansa, a kanta zai so ya yi zane, kuma manyan manhajojin kasuwa sun daɗe da barin mutane su yi hakan.

Fitowar 1.0 ta nuna cewa koke yana aiki idan aka saurare shi. An shigar da dabarar da wani mai ba da gudummawa da aka fi sani da realthunder ya ƙirƙiro, wadda ke bin asalin kowace fuska maimakon lambarta kaɗai, matsalar ta ragu sosai ko da ba ta kau duka ba. A da, wanda ke son harhaɗa sassa su zama inji sai ya zaɓa tsakanin ƙarin kayan aiki na waje irin su A2plus, Assembly3 da Assembly4, waɗanda ba sa jituwa da juna. Yanzu akwai sashen harhaɗawa a cikin manhajar kanta, aikin da kamfanin Ondsel ya ba da gudummawa mai yawa a kai kafin ya rufe a ƙarshen 2024. An kuma sa shafin maraba da ke tambayar sabon shiga harshensa, ma'aunin da yake so da yadda zai riƙa juya siffa, sannan aka samar da kayan aiki ɗaya da ke gane irin ma'aunin da mutum ke nufi daga abin da ya zaɓa. Wani misalin daga maƙwabta shi ne Blender, manhajar siffofi da fim, wadda ta shafe shekaru ana zaɓar abu a cikinta da maɓallin dama saɓanin kusan kowace manhaja. A fitowar 2.80 ta 2019 aka mayar da zaɓi hagu, aka bar tsohon tsarin ga mai so.

A nan akwai wajen da ya kamata a yi hattara, domin ba kowane koke ne laifin manhaja ba. Wahala iri biyu ce. Akwai wadda injiniyanci da kansa ya zo da ita. Idan manhaja ta ce zanen yana da sauran wuraren da zai iya motsawa, tana tambaya ne: wannan ramin daga ina aka auna shi, daga gefe ko daga tsakiya? Idan aka ƙara tsawon farantin, ramin zai bi gefen ko zai tsaya? Wannan tambaya ce da mai walda ko mai sassaƙa ƙarfe a Panteka ta Kaduna zai yi wa duk wanda ya kawo masa zane, kuma dole ɗalibi ya koyi amsa ta. Manhajar da ta ɓoye masa ita ta cuce shi. Tinkercad, wadda Autodesk ya saya a 2013, tana da sauƙin da yaro zai fara gini da ita cikin mintuna, amma ba da ita ake tsara akwatin giyar mota ba. Sai kuma wahala ta biyu, wadda masu gini suka ƙara ba da niyya ba: suna biyu masu kama, saƙon kuskure marar kai, maɓallin da aka ɓoye. Amfanin sauraron sabon shiga shi ne a raba waɗannan biyun, a koyar da ta farko, a kawar da ta biyu.

Yaya ake tattara wannan shaida? Tambayar mutum ko manhaja ta yi masa daɗi ba ta wadatarwa, musamman ɗalibi a gaban malaminsa, wanda kunya za ta sa ya ce komai lafiya. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ba shi aiki na gaske, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake yi, mai lura kuma ya kame bakinsa da hannunsa. Wannan ne ɓangare mafi wuya, domin gwani ba ya jure ganin mutum yana neman maɓallin da ke gaban hancinsa. Amma da zarar ya nuna masa, shaidar ta ɓace. Jakob Nielsen, daga binciken da suka yi da Thomas Landauer a 1993, ya nuna cewa mutum biyar masu kama da juna kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin abin da aka gwada, kuma ya ba da shawarar a yi gwaji uku da mutum biyar-biyar ana gyara a tsakani, maimakon gwaji ɗaya da goma sha biyar. Manhajar zanen injina faɗi gare ta, don haka kowane aiki da nasa gwajin: zane daban, harhaɗawa daban, fitar da takardar da za a kai wa maƙeri daban. Mai son ma'auni na lamba kuma yana iya ƙarawa da tambayoyi goma da John Brooke ya tsara a 1986, waɗanda ke ba da maki daga sifili zuwa 100.

Shi ma mai koke akwai nasa aikin. Cewa manhaja tana da wuya ba ya ba mai gyara abin kamawa. Rahoto mai amfani yana faɗin abu huɗu: abin da mutum ya so yi, matakan da ya bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya zata zai faru, da abin da ya faru. A haɗa da lambar fitowar manhajar, irin kwamfutar, da fayil ɗin da ya lalace. Kuma a tuna cewa a manhaja irin FreeCAD, mai karanta rahoton galibi mutum ne da ya dawo daga aikinsa na neman abinci ya zauna yana gyara ba tare da an biya shi ba. Harshe mai ladabi da bayani dalla-dalla su ne ke sa ya ɗauki maganar.

Sassan koyar da injiniyanci a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suna da abin da masu gina manhaja ke nema ido rufe: kowace shekara ɗaruruwan mutane da ba su taɓa buɗe ta ba suna zama a gabanta rana ɗaya. Yanayinsu ma shaida ne, tunda da yawa suna aiki da tsohuwar kwamfuta, ba linzami, intanet na yankewa, Turanci kuma harshe na biyu ko na uku ne. Masu gini da ke Turai da Amurka ba za su hango waɗannan ba sai an gaya musu. Abin da ake buƙata bai wuce a makon farko na darasi a zaɓi ɗalibai biyar, a ba su farantin milimita 80 da ramukansa biyu, ɗaliban ajin ƙarshe su zauna gefensu da biro da takarda suna rubuta inda kowa ya tsaya da minti nawa ya ɓata. Malami ya tace abin da aka samu, wanda na koyarwa ne ya shigar da shi darasin mako na biyu, wanda na manhaja ne a rubuta shi a aika wa masu ita da sunan sashen, sannan a maimaita gwajin da sababbin ɗalibai idan sabuwar fitowa ta zo.