Ciniki Ne Ya Raya Akara



Garin nan na mutanen Ga ne, amma ciniki ne ya raya shi. Turawan Holan sun gina sansaninsu a bakin teku a 1649, na Ingila suka gina James Fort a 1673, na Denmak kuwa suka zauna Osu. Zinariya suka zo nema, daga baya suka duƙufa ga cinikin bayi. A 1877 Ingila ta ɗauke hedikwatar mulkinta daga Cape Coast ta dawo da ita nan.

Kakanninmu hanyar goro suka biyo. Bayan yaƙin Salaga na 1892, goro ya riƙa saukowa nan, ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Malam Bako ya kafa Sabon Zongo, Malam Amadu Futa ya kafa Nima, kowannensu da yardar masu ƙasa.

Amma daɗewa a gari ba ta hana kora ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, fatake da dama suka bar shagunansu. Don haka kowa ya sabunta takardunsa kafin ya nufi iyakar Aflao.

Allah ya sa wa kasuwarmu albarka.