Koyar da Yara Jita: Abin da Achilafiya Ta Koya Mana



An nemi mu bayyana abin da muka gano a Achilafiya ta ƙasar Kazaure, inda kaɗan daga cikinmu muka shafe dogon hutu muna koya wa yara kaɗa jita. Mun tafi ne da zaton duk wanda ya iya kiɗa ya iya koyar da shi. Ba mu cika mako guda ba muka gane kurenmu.

Da farko dai, jita tsirkiya shida gare ta, kuma ta ƙarfe takan ci yatsun yaro kafin su yi kanta. Hannun ɗan shekara takwas ba ya iya zagaye wuyanta. Malamin da ya tilasta masa danne tsirkiya uku a ranar farko, da wuya ya gan shi a rana ta biyu. Saboda haka muka koma kan tsirkiya ɗaya, muna bin karin waƙoƙin gaɗa da na tashe waɗanda yaro ya tashi da su a kunnensa. Kada a raina wannan. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, da ita kuwa ya shahara har ƙasashen waje. Ali Farka Ture na Mali ma da mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya ɗauki jita.

Abu na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne iyaye. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, makaɗi kuwa kallon maroƙi ake yi masa. Wani dattijo ya tambaye mu ko so muke mu mayar masa da ɗa maroƙi. Tambayarsa tana bisa hanya. Muka koyi fara zuwa gaishe da mai gari, da yin darasi a fili inda kowa ke gani, da kauce wa lokacin makarantar allo da na gona. Uban da ya ƙi saboda addini kuwa, ba mu ja da shi ba, domin ɗa nasa ne.

Na uku, aikin ba ya ciyar da mai shi tukuna. Tsirkiya guda in ta tsinke, sai an je Kano.

To, ina mafita? Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai tun 1989. Kafin mu sami irinta, muna kira ga wannan ƙungiya da ta haɗa masu sha'awar koyarwa da tsofaffin makaɗan gurmi da garaya na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Su ne suka san yadda ake renon hannun yaro. In muka bari suka ƙare ba mu zauna gabansu ba, za mu riƙe jita, amma ba mu da abin da za mu koyar a kanta.