Makarantar Jirgin Ruwa Ta Oron: 'Ya'yanmu Ma Suna Da Hakki A Cikinta

 

Yau za mu yi magana ne a kan wata makaranta da ba a cika ambatonta a gidajenmu ba, watau Kwalejin Koyon Aikin Jirgin Ruwa ta Nijeriya da ke garin Oron a Jihar Akwa Ibom. Wani zai ce, mu da muke Bauchi, ina ruwanmu da teku? To, makarantar ta Gwamnatin Tarayya ce. An kafa ta a 1977, aka ɗaga matsayinta a 1988, kuma dokar hukumar NIMASA ta 2007 ta ware mata kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar hukumar. Dukiyar ƙasa ce ke riƙe da ita, don haka ɗan Tirwun da ɗan Oron hakkinsu ɗaya.

Ana shiga ta hanyar jarrabawar JAMB, kuma mai son tuƙin jirgi ko aikin injinsa sai da sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Fiziks. Ana koyon tuƙin jirgi, ko aikin injinsa, ko harkar sufurin ruwa, shekara 2 a sami ƙaramar difloma. Zaman wurin kusan irin na soja ne: kayan sarki, fareti, tashin asuba, ba a fita sai da izini. Akwai darasin kashe gobara da na ceton rai a ruwa. Likita kuma yana gwada ido, domin wanda ba ya bambance ja da kore ba zai tuƙa jirgi ba. A kai yaro asibiti a duba wannan tun kafin a kashe kuɗin mota.

Amma kada mu ɓoye maku gaskiya. Difloma kaɗai ba ta mai da mutum jami'in jirgi. Ƙa'idar duniya ta ce sai ɗalibin tuƙin jirgi ya yi aƙalla wata 12 yana horo a kan teku kafin a ba shi takardar ƙwarewa. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995, samun wannan gurbi ya zama jidali, har wasu suka shekara da shekaru a gida da takarda a hannu. Duk uban da zai tura ɗansa, ya fara tambayar wannan.

Sai abin da ya fi damunmu, mu da kakanninmu suka zo daga Kano ko Katsina ko Zazzau. Makarantun tarayya sukan nemi takardar shaidar ƙaramar hukumar asali, tallafin karatu na jihohi ma ta nan yake bi. Yaron da aka haifa a nan yakan tsinci kansa a tsakiya: a nan a ce baƙo ne, a can garin kakansa a ce ba a san shi ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma ranar tantancewa takarda ake dubawa, ba sashe ba.

Saboda haka, duk mai ɗa ko 'ya a aji biyu na babbar sakandare, ya nemi takardar nan tun bana. Kuma jihar da ke kanta ta zama ita aka rubuta a fom ɗin JAMB, domin saɓani tsakanin biyun na iya sa a dakatar da yaro a bakin ƙofa. Wanda aka hana shi takarda, ya kawo ƙorafinsa a rubuce wurin sakataren ƙungiya bayan an tashi daga taro.