Fadamarmu, Amanarmu



Duk wanda ya bi ta Ƙofar Atiku a Sakkwato bayan an ɗauke ruwan sama ya san abin da zai gani: lambatu cike da ledar fiya wata, robobin lemo da tsummokara. Ruwa zai kwashe su ya gangara da su fadamar Rima, inda manoman rani ke noma mana albasa, tumatir da shinkafa. Can leda ke shaƙe ƙasa, akuya ta haɗiye ta ta kumbure, kifi ya ƙaura.

Fadama tana shanye ambaliya da damina, ta adana danshi har bazara. Mutanen Sakkwato ba su manta da 2010 ba, lokacin da ruwa ya karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Idan muka cike magudanan ruwa da shara, ina muke so ya bi?

Tun 1971 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran, kuma ranar 2 ga Fabrairun kowace shekara ake tunawa da ita. Amma yarjejeniya ba ta riƙe shebur. Mu ne za mu riƙe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai unguwa ya kira gayya, limamai su yi tambihi, matasa su fito da manjagara da baro, hukuma ta kawo motar kwasar shara. Kowane gida ya kula da lambatun ƙofarsa.

Fadamar nan gadonta muka yi. Allah Ya ba mu ikon miƙa ta ga jikokinmu da ranta.