Shikago, garin baƙi a bakin tabki

Jawabin da anka yi a taron ƙungiya, anka rubuta shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

  

An nemi mu yi bayani bisa wani gari na ƙasar Amurka da ake kira Shikago: abin da ake kallo cikinsa, da unguwanninsa, da inda ake cin abinci. Mun karɓa, don gari ne wanda baƙi sunka gina tun daga tushe, kuma wanda ya san bida zai riga mai yawon buɗe ido gane shi.

Garin yana cikin jihar Ilinoy, a bakin tabkin Mishigan. In mun ce tabki, kada ku kawo na Madarunfa cikin ranku. Tsawon wannan ya kusa kilomita 500, wato ya ɗara zuwa da dawowa tsakanin Maraɗi da Damagaram, faɗinsa kuma wajen kilomita 190. In ka tsaya a gaɓa ba ka hangen ƙetare. Ruwan daɗi ne, babu gishiri, shi garin ke sha. A ƙidayar 2020 an samu mutum miliyan 2 da dubu 700 da ƴan kai cikin garin, shi ne na uku a Amurka bayan Niyok da Los Anjalas.

Sunan ya fito daga harshen mutanen ƙasar na asali, sunan wata albasar daji ce da ke tsirowa a fadamar wurin. Baƙon da ya fara kafa gida ya zauna baƙar fata ne, ɗan kasuwa mai jin Faransanci, ana ce masa Jean Baptiste Point du Sable. Kafin 1790 yana nan bakin kogi yana saye da sayarwa, ya auri ƴar ƙabilar Potawatomi. A 1833 anka sa ƙabilar nan ta sa hannu ta bar ƙasarta, anka tura ta yamma. Shekarar nan ce kuma anka yi rajistar Shikago, ƙauye mai mutum ɗaruruwa kaɗan. A 1890 ya wuce miliyan. Mutum guda yana iya ganin wannan duka da idonsa cikin rayuwa ɗaya. Abin da ya kawo haka hanya ce: a 1848 anka gama haƙa mashigin ruwa da ya haɗa tabkin da kogunan da ke zuba cikin Misisipi, kuma a shekarar jirgin ƙasa ya fara aiki. Hatsi da katako da dabbobi duk sai sun biyo ta nan.

A watan Oktoba na 1871 gobara ta ci tsakiyar garin kwana biyu. Mutum wajen 300 sunka mutu, wajen dubu 100 sunka rasa wurin kwana. Wata hasumiyar ruwa ta dutse ta tsira, tana nan har yau a titin Mishigan tsakanin manyan kantuna, ƙarama kamar tsohuwa cikin jikoki. Da anka sake gini, fili ya yi tsada, sai magina sunka nufi sama. A 1885 anka gama wani soro mai hawa 10 da ƙashin ƙarfe, wanda ake lissafawa kakan dogayen sorayen duniya. Mafi tsawo a garin yanzu shi ne Willis, wanda a da ake ce ma Sears: hawa 110, mita 442. Daga 1974 har 1998 babu wanda ya fi shi a duniya. A hawa na 103 an yi wasu ƴan ɗakuna na gilashi da sunka fito waje, kana taka gilashi kana ganin motoci ƙarƙashin tafin ƙafarka kamar tururuwa. Sai an biya kuɗi ake hawa, kuma mai jiri ya haƙura.

Amma mu a ganinmu abin kallon da ya fi shi ne bakin tabkin kansa, don kusan duk fili ne na kowa. Ba haka kawai ya samu ba. Wani attajiri, Montgomery Ward, mai sayar da kaya ta gidan waya, ya shiga shari'a da hukumar garin tun 1890, ya yi wajen shekara 20 yana hana a yi gini a filin da ke gaban tsakiyar gari. An zage shi a lokacin, ya ci shari'ar. Yau akwai hanyar ƙafa da keke ta wajen kilomita 29 tana bin gaɓa, da lambuna da rairayi inda ake wanka da rani. A lambun Millennium, wanda anka buɗe a 2004, akwai wani ƙaton ƙarfe mai sheƙi kamar madubi, nauyinsa ya fi tan 100. Mutanen gari sun yi watsi da sunan da maƙerinsa ya ba shi, suna ce masa Wake, don siffar ƙwayar wake gare shi. Gidan namun daji na lambun Lincoln kyauta ake shiga. A gidan tarihi na Field kuwa akwai zakuna biyu da sunka ci ma'aikatan hanyar jirgi a Kenya a 1898, an cusa fatunsu an tsayar.

Ga wani abu kuma. Kogin da ya ratsa garin a da cikin tabki yake zuba, da duk ƙazantar gari, ga shi tabkin ake sha. Zazzaɓin taifot ya yi ta kashe mutane. A 1900 sunka gama haƙa wani mashigi mai kilomita 45, sunka juya kogin ya koma gudu baya, ya nufi Misisipi. Mutanen Sen Luwi da ƙazantar ta koma ma sunka kai ƙara, ba su yi nasara ba.

To, unguwanni. An raba garin yanki 77, amma in kana son ka fahimce su sai ka fara da kara, wato kasuwar dabbobi da mayankar da anka buɗe a kudancin gari a 1865. Jiragen ƙasa ke kawo shanu da aladu da tumaki daga yamma, a yanka, a zuba cikin taragu masu sanyi, a kai gabas. Ba irin fawar da munka sani ba ce, inda mahauci ɗaya ya san dabba daga wuya har wutsiya. Can ana rataye dabba bisa sarƙa tana tafiya, kowane ma'aikaci yanka guda yake yi, shi zai yi ta maimaitawa daga safe har dare. Aikin ba ya bukatar ka iya Turanci, shi ya sa ya zama aikin sabon zuwa. Ƴan Ayalan da Jamusawa sunka fara, sai ƴan Polan da Lituwaniya, sai baƙaƙen fata daga kudu, sai ƴan Meziko. A wajen 1921 mutum dubu 40 ke aiki wurin. Masu kamfani sun san amfanin wannan jeri: in tsofaffin ma'aikata sun ƙi aiki don neman ƙarin albashi, sai a ɗauko sababbin zuwa waɗanda yunwa ba ta ba su zaɓi ba, ƙiyayya ta shiga tsakanin talaka da talaka. A 1906 wani marubuci, Upton Sinclair, ya fitar da littafi bisa wahalar ma'aikatan nan. Abin da ya tada hankalin masu karatu shi ne ƙazantar naman da suke ci, sai anka yi dokar duba nama a shekarar. An rufe karar a 1971. Ƙofar dutse kaɗai ta rage, da kan sa sassaƙe a samanta.

Kowace ƙungiyar baƙi ta yi zangonta kusa da aiki, da wurin ibadarta da kantinta da gidan abincinta. Wani lokaci masu zangon su tashi, sunan ya zauna. Unguwar Pilsen sunan wani gari ne na ƙasar Cek, don su sunka kafa ta, amma tun wajen 1960 ta ƴan Meziko ce. Bangayenta cike da zane, akwai gidan tarihin fasaharsu da anka buɗe a 1987, kyauta, kuma a titi na 18 kana samun wainar masara mai faɗi da ake naɗe nama da wake da yaji cikinta. Ƴan Sin sun koma titin Cermak tun 1912, suna nan.

Inda za mu daɗe shi ne Bronzeville. A 1910 baƙaƙen fata na garin wajen dubu 44 ne. A 1930 sun kai dubu 234, a 1970 sun wuce miliyan. Jikokin bayi ne, manoman auduga na Misisipi da Alabama da maƙwabtansu, sunka gudo daga bashin masu gona da dokokin wariya da kisan gilla. Wata jarida tasu, Chicago Defender, wadda Robert Abbott ya kafa a 1905, ita ke kiransu. Ma'aikatan jirgin ƙasa ke ɗaukar ta a ɓoye su kai kudu, mai karatu ya karanta ma jama'a. Da sunka iso sai sunka iske wata katanga da ido ba ya gani: masu gidaje a sauran unguwanni sun rubuta cikin takardun gida cewa ba za a sayar ko a ba baƙar fata haya ba. Anka cunkushe su cikin wani siririn yanki, ana raba gida ɗaya ɗaki-ɗaki, haya kuma ta fi ta Turawa tsada.

Har cikin ruwa katangar ta shiga. Ran 27 ga Yuli 1919 wani yaro ɗan shekara 17, Eugene Williams, yana wanka a tabkin, ruwa ya ja shi wajen gaɓar da Turawa ke ɗauka tasu ce. Anka yi ta jifa da duwatsu, ya nutse. Rikicin da ya biyo baya ya ci mutum 38, baƙaƙe 23 da Turawa 15, fiye da 500 sunka ji rauni. Filin kowa da munka yaba ɗazu, ga yadda yake a lokacin.

Duk da haka cikin matsin nan sunka kafa bankuna da kamfanonin inshora da gidajen kiɗa. Makaɗi Muddy Waters ya zo daga Misisipi a 1943, ya haɗa garayar Turawa da lantarki don a ji shi cikin hayaniyar gari. A 1983 Harold Washington ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe magajin gari, kuma daga kudancin nan Barack Obama ya fara siyasa. A mashigin unguwar, bisa titin Martin Luther King, akwai mutum-mutumi na tagulla: namiji riƙe da akwati ɗaure da igiya, ya ɗaga hannu yana gaisuwa, tufafinsa duka an yi su da siffar ƙasan takalma da tafiya ta cinye. Ɗan bida ba ya bukatar a fassara masa shi.

Ba mu ɓoye maku cewa rabon bai daidaita ba. Wani bincike na jami'ar Niyok a 2019 ya nuna mazaunin Streeterville, kusa da tabki a arewa, yana iya sa ran shekara 90, na Englewood a kudu kuwa 60. Gari ɗaya, magajin gari ɗaya. Da masana'antu sunka rufe, mutane da yawa sun tashi. Baƙaƙen garin sun kusa miliyan 1 da dubu 200 a 1980, a 2020 ba su kai dubu 800 ba.

Abincin da garin ke alfahari da shi kusan duk na talakan baƙo ne. Akwai naman shanu na ƴan Italiya: ana dafa yanki mai arha, a yanka shi siriri kamar takarda don ya ishi taron biki, a cusa cikin burodi da tattasai, a tsoma duka cikin romo. Gidan Al's, wanda yanzu ke titin Taylor, yana yin sa tun 1938. A tsaye ake ci, ka sunkuya gaba, in ba haka ba rigarka ta sha. Akwai wanda suke kira hot dog, ma'anarsa kare mai zafi, amma ku kwantar da hankali, babu kare ciki. Niƙaƙƙen naman shanu ne cikin burodi, da albasa da tumatir da barkono da kokwamba mai tsami. Yahudawa biyu daga tsakiyar Turai sunka kawo nasu a babban baje-kolin 1893, kamfaninsu Vienna Beef yana nan. Wanda ya zuba masa jar miyar kwalba, an gane baƙo ne. Piza mai zurfi ta fara a gidan Uno a 1943: ƙullun burodi cikin tasa, cuku da yawa, tumatir a bisa. Sai ka jira fiye da rabin awa kafin ta gasu, kuma yanka biyu sun ƙosar da ƙato. A kudu akwai Harold's, soyayyar kaza. Harold Pierce, ɗan Alabama, ya buɗe na farko a 1950, lokacin da manyan gidajen abinci ba su kula da unguwannin baƙaƙe ba.

Sai dai a yi hattara, alade yana shiga abinci da yawa, har cikin piza da gashin da ake yi a kudu. A tambaya kafin a ci. Wanda ke neman yankan Musulmi ya nufi titin Devon a can arewa. A da na Yahudawa ne, daga shekarun 1970 ƴan Indiya da Pakistan sunka cika shi, da mahautansu da masallatai da shinkafa mai yaji da tsire irin nasu. Larabawa, yawanci Falasɗinawa, suna Bridgeview a bayan gari. Ƴan Afirka da sunka zo daga baya, na Najeriya da Gana da Habasha, sun fi yawa a Uptown da Edgewater da Rogers Park, inda za ka samu dafa-duka da sakwara da miyar agushi, da kantunan da ke sayar da garin rogo da busasshen kifi. Jirgin cikin gari da ke bi bisa gadojin ƙarfe, layin ja, yana kai ka can daga tsakiya, dare da rana.

Kuɗin da anka rubuta bisa takardar abinci ba shi za ka biya ba. Ana ƙara haraji, kuma in an zaunar da kai an kawo maka, al'ada ce ka bar ma mai kawowa tukuici na wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don da shi yake cika albashinsa. Sannan mai zuwa ya duba wata. Daga Yuni zuwa Satumba garin yana waje, bakin tabki cike. A Janairu iska ke tasowa ta ratsa tsakanin soraye, gaɓar ruwa ta daskare. Ran 20 ga Janairu 1985 sanyi ya kai 33 ƙarƙashin sifiri, kuma ko a shekarar da ba ta kai haka ba, bargo da hular da ke isar mu da hunturu ba su tsare kunne da yatsu.

Nan za mu dakata. Dattawa in akwai tambaya, bismilla.